Tagwayen Hotuna da Yadda Ido Yake Gane Zurfi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin zura zare a kafar allura da ido ɗaya a rufe ya san cewa aikin yakan gagara, ko da kuwa idon da ke buɗe lafiyarsa lau. Zaren yakan wuce ta gaban kafar ko ta bayanta, alhali mutum yana ganin kamar ya saita daidai. Da zarar an buɗe ɗaya idon sai al'amarin ya zo da sauƙi. Wannan ɗan abu da ake cin karo da shi kullum a shagon tela shi ne tushen darasin nan. Za a yi bayani a kan abin da za a kira tagwayen hotuna, wato hotuna biyu na abu guda waɗanda aka ɗauka daga wurare biyu makusantan juna, domin a nuna wa kowane ido nasa. Idan aka kalle su yadda ya kamata sai su haɗe su zama hoto guda mai zurfi, har mai kallo ya ji kamar zai iya miƙa hannu ya taɓa abin da ke gaba, ko ya leƙa bayansa.

Mai yiwuwa ɗalibi ya tambayi abin da ya haɗa malamin Hausa da wannan batu. Da farko dai, ko da wane harshe aka rubuta littafi, yaron da bai gane ba da Hausa zai yi tambaya, da Hausa kuma zai so a warware masa. Malamin da bai saba sarrafa harshensa wajen bayanin abin da ido ke gani da abin da hannu ke taɓawa ba, zai koma karanto wa yara kalmomin aro waɗanda shi kansa bai tauna ba. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. A kusan kowane babban aji akwai yaron da idanunsa biyu ba sa aiki tare, kuma sau da yawa shi da iyayensa ba su sani ba. Za a dawo kan wannan a gaba.

Ido biyu, gani biyu

A miƙa hannu gaba, a ɗaga babban yatsa, a saita shi da bakin ƙofa ko wata bishiya da ke nesa. A rufe idon hagu a duba, sannan a buɗe shi a rufe na dama. Za a ga yatsan ya yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, alhali hannu bai motsa ba. Idan aka matso da yatsan kusa da hanci aka sake gwadawa, tsallen zai ƙaru. Idan kuwa wani abu mai nisa aka gwada, da ƙyar za a lura da wani motsi.

Dalilin haka shi ne idanun ba a wuri guda suke ba. Tsakanin ƙwayar idon hagu da ta dama ta babban mutum akwai tazarar kimanin santimita 6 da rabi, ta yara kuwa ba ta kai haka ba. Saboda wannan 'yar tazara, idon hagu yakan ɗan fi ganin gefen hagu na abu, na dama kuma ya ɗan fi ganin gefen dama. Ashe ke nan hotuna biyu ne mabambanta suke isa ga ƙwaƙwalwa a kowane lokaci. Wannan bambanci shi za a kira saɓanin gani. Yana da ƙa'ida mai sauƙi: gwargwadon kusancin abu, gwargwadon girman saɓaninsa. Ƙwaƙwalwa takan ɗauki hotunan nan biyu ta daidaita su ɗigo da ɗigo, ta auna saɓanin kowane wuri, sannan ta mayar da shi zurfi. Tana yin wannan lissafi ba tare da mutum ya sani ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A gaskiya mai sanin ƙimar tana can cikin kai.

Faɗin abin da mutum yake iya gani ba tare da ya juya kai ba ya kai digiri 200 ko kusa da haka, kuma kimanin digiri 120 na tsakiya ne idanun biyu suke gani tare. A nan kaɗai ake samun irin wannan zurfi. Dabbobi sun bambanta a wannan fuska. Kyanwa da zaki da mujiya idanunsu a gaba suke, domin mai farauta yana bukatar sanin iyakar inda zai daka tsalle. Akuya da jaki da zomo kuwa nasu a gefe suke, domin wanda ake farauta ya fi bukatar hango abin da ke tahowa ta baya.

Kada a ɗauka cewa mai ido ɗaya ba ya gane nisa. Yana da wasu alamomi, waɗanda mai ido biyu ma yake amfani da su. Abin da ya kare wani shi ne a gaba. Raƙumin da ya yi ƙanƙanta kamar tunkiya yana nesa. Dutsen da hazo ya lulluɓe ya fi wanda ake gani tangaram nisa. Wanda ke cikin mota yakan ga itatuwan bakin hanya suna gudu baya, tsaunin da ke can nesa kuwa kamar yana biye da shi. Da irin waɗannan alamomi masu ido ɗaya suke noma, suke hawa keke, suke fatauci. Inda rashin ya fi bayyana shi ne a aikin kusa, wanda bai wuce 'yan taku kaɗan ba: zura allura, tsiyaya mai a kwalba, cafe ƙwallo, sauka daga matakala.

Taƙaitaccen tarihi

Tambayar da ta fara damun masana ita ce: tun da idanu biyu ne, me ya sa ba a ganin abu biyu-biyu? Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya tsaya a kan wannan tambaya a littafinsa Kitabul Manazir. Ya yi gwaji da wani allo da ya ja wa layuka, yana ɗora shi a karan hanci yana jera ƙananan abubuwa a kansa. Ya nuna cewa abin da aka ƙura wa ido yakan fito guda, wanda ke gabansa ko bayansa kuwa yakan rabu biyu. Bayan kusan shekara ɗari biyar, mai zane Leonardo da Vinci na Italiya ya lura cewa duk ƙwarewar mai zane, zanensa ba zai taɓa fitowa kamar abin da aka zana ba, domin a zahiri kowane ido yana hango wani ɓangare na abin da ke baya wanda ɗayan ba ya gani. Duka biyu sun zo bakin ƙofa, amma ba su shiga ba.

Wanda ya shiga shi ne Charles Wheatstone, malamin kimiyya a Landan. A shekarar 1838 ya gabatar wa ƙungiyar masana ta Royal Society wata na'ura da ya ƙera. Madubai biyu ya haɗa baki da baki suka yi kusurwa, kusurwar tana fuskantar hancin mai kallo. A hagu da dama ya kafa alluna biyu, ya manna wa kowanne zane guda, ta yadda idon hagu ba ya ganin komai sai zanen hagu, na dama kuma sai zanen dama. Zane-zanen layuka ne zalla na akwati da dala da makamantansu, ba inuwa ba launi, domin kada wani ya ce inuwa ce ta kawo zurfin. Duk da haka wanda ya leƙa sai ya ga akwatin ya taso tsaye a sarari. Da wannan ya tabbatar da cewa saɓanin da ake ɗauka matsala ce da ƙwaƙwalwa take kawarwa, shi ne ma abin da take aunawa. Ya raɗa wa na'urar suna daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin abu mai jiki, ɗaya mai nufin dubawa. Daga nan aka sami sitiriyoskof. A wannan darasi za a kira ta maleƙi, domin leƙawa ake yi.

Da hannu Wheatstone ya yi zane-zanensa, domin sai a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a Faransa. Haɗuwar abubuwan nan biyu ita ta fitar da maleƙi daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa. A 1849 David Brewster, mutumin Sikotilan, ya ƙera ƙaramin maleƙi mai gilasai biyu a maimakon madubai. An baje shi a babban bikin baje koli na Landan a 1851, Sarauniya Biktoriya ta gani ta yaba, sai jama'a suka yi caa a kansa. A 1861 wani likita ɗan Amurka, Oliver Wendell Holmes, ya fito da samfurin da ake riƙewa da hannu, mai sauƙin kuɗi, kuma da gangan ya ƙi yin rajistar mallakarsa domin kowa ya ƙera. Katin da ake sa masa tsawonsa kimanin santimita 18 ne, faɗinsa 9, ɗauke da hotuna biyu gefe da gefe. Kafin zuwan majigi da talabijin, da irin waɗannan katuna ne mutanen Turai da Amurka suka ga dalar Masar da birnin Ƙudus daga cikin ɗakunansu.

Abin da ya kamata mai shirin zama malami ya lura da shi shi ne yadda katunan suka shiga aji. A farkon ƙarni na 20 kamfanin Keystone na Amurka ya shirya wa makarantu jerin katuna 600, kowanne da bayani a bayansa, haɗe da littafin jagoran malami wanda ya nuna katin da ya dace da darasin labarin ƙasa, ko tarihi, ko noma. Sai dai bayanan da ke bayan katunan da suka shafi Afirka da Asiya sau da yawa suna cike da raini irin na zamanin mulkin mallaka. Yaron da ya leƙa ya ji kamar yana tsaye a wurin, da wuya ya yi shakkar abin da aka rubuta masa a baya. Gani ya kori ji, amma wanda ya zaɓi abin da za a gani shi ke riƙe da akalar.

A 1939 aka fito da View-Master, wanda ake sa masa faifan kwali mai ƙananan hotuna 14, wato tagwaye 7, ana danna wani maɓalli yana juyawa. Waɗanda suka tashi a gidajen da ake zuwa aikin Hajji za su tuna da irin abin leƙen nan na roba da alhazai kan sako cikin tsaraba, mai hotunan Makka da Madina. Wasu na ido ɗaya ne, wasu na ido biyu.

Ina zurfin yake?

Akwai wani gwaji da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ya fi fito da asirin al'amarin. Wajajen 1960 Béla Julesz, ɗan asalin Hangari da ke aiki a Amurka, ya sa kwamfuta ta watsa ɗigo-ɗigo baƙi da fari barkatai a cikin wani fili mai kusurwa huɗu, kamar an zubar da gero da riɗi a faifai. Ya kwafi wannan fili ya zama biyu. A cikin na biyun sai ya yanki wani ɗan yanki na tsakiya ya gusar da shi gefe kaɗan, ya cike gurbin da wasu ɗigon. Idan aka dubi kowane ɗaya shi kaɗai, babu abin da ake gani sai tarkacen ɗigo. Ba sura, ba layi, ba iyaka. Amma da an ba kowane ido nasa, sai yankin nan ya taso sama yana reto a kan sauran.

Ma'anar wannan ita ce surar ba ta cikin hoton hagu, ba ta kuma cikin na dama. A tsakaninsu take, kuma ƙwaƙwalwa ce kaɗai take iya fito da ita. Ba ta ma bukatar ta gane mene ne abin kafin ta san nisansa. Daga wannan bincike ne Christopher Tyler ya samar da dabarar cusa tagwayen a cikin hoto guda a 1979, wadda ta haifar da littattafan Magic Eye da suka yi tashe daga 1993.

Tagwayen hotuna ba kayan nishaɗi ba ne kawai. Jirgin da ke ɗaukar hoton ƙasa domin taswira yakan ɗauka a jere, ta yadda kowane hoto zai maimaita kimanin kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi. Duk biyun da ke maƙwabtaka tagwaye ne, sai dai tazararsu ta ɗaruruwan mitoci ce. Mai safiyo yakan sa su a maleƙi ya ga tudu da kwari, ya auna tsayin dutse bai taka shi ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta wannan hanya masu nazarin hoto na Ingila da ke Medmenham suka gano makaman roka da Jamus take gwadawa a Peenemünde a 1943. Taswirorin Nijeriya masu ma'aunin 1:50,000, waɗanda ake gani a sassan labarin ƙasa na kwalejoji, daga hotunan sama aka zana su, kuma a 1972 aka buɗe wata cibiya a Ile-Ife domin horar da 'yan Afirka wannan aiki. Motocin binciken duniyar Mas, irin su Curiosity da ta sauka a 2012 da Perseverance da ta sauka a 2021, da kyamarori bibbiyu aka ƙera su, domin a gane rami kafin a faɗa cikinsa.

Yadda ake ɗauka da wayar hannu

Ba a bukatar kyamara mai ido biyu. Waya guda ta isa, muddin abin da za a ɗauka ba ya motsi. A tsaya ƙafafu a ɗan ware, a riƙe wayar da hannu biyu a tsaye. A jingina nauyin jiki a ƙafar hagu a ɗauka, sannan a mayar da shi ƙafar dama a sake ɗauka. Wannan 'yar karkatar takan gusar da wayar gwargwadon tazarar idanu. Wanda ke son aiki mai tsafta sai ya ɗora wayar a kan tebur, ya jingina ta da littafi, ya ja ta gefe a kan rula.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke bi: tazarar gusawa ta zama kashi ɗaya cikin talatin na nisan abin da ya fi kusa. Idan turmin da ke gaba yana nisan mita 2, sai a gusa santimita 6 zuwa 7. Idan rumbu ne a mita 6, sai a gusa santimita 20. Wanda yake son hasumiyar Gobarau ta Katsina ko Dutsen Dala na Kano su fito da zurfi daga nesa, sai ya yi taku ɗaya ko biyu, amma ya tabbata babu wani abu na kusa a cikin hoton. Irin wannan faɗaɗa tazara yana da wani abin mamaki: gine-gine sukan fito ƙanana kamar ginin wasan yara, domin an ara wa mai kallo idanun wani ƙato. Tun wajajen 1858 Warren De la Rue ya yi tagwayen hoton wata ta hanyar haɗa hotunan da ya ɗauka a lokuta dabam-dabam, sa'ad da watan ya ɗan karkata, sai ya fito a mulmule kamar lemo.

Kurakuran da aka fi yi uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Motsi a tsakanin ɗauka biyu, kamar akuyar da ta gifta ko ganyen da iska ta kaɗa, yakan bar wani wuri yana walƙiya a ido, amma ana iya haƙuri da shi. Gusawa fiye da kima takan sa hotunan su ƙi haɗuwa. Mafi muni shi ne ɗaya hoton ya fi ɗaya tsawo ko ya karkace, domin idanu sun saba juyowa ciki da komawa waje, ba su saba ɗaya ya dubi sama ɗaya ya dubi ƙasa ba. Ko 'yar ƙaramar karkata ta isa ta sa ciwon kai. Saboda haka kafin a haɗa su sai a zaɓi wani abu, kamar bakin tukunya, a tabbata yana kan layi guda a duka biyun, sannan a datse gefunansu su zama girma ɗaya.

Yadda ake kallo

Ana iya kallon tagwayen hotuna ba tare da maleƙi ba, amma sai an koya. Wahalar daga nan take: idan mutum ya dubi abu, idanunsa sukan yi aiki biyu a tare. Sukan juyo su haɗu a kan abin, kowannensu kuma yakan tace ganinsa daidai da nisan abin. Tun yana jariri waɗannan ayyuka biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Mai kallon tagwaye kuwa dole ya raba su, ya tace gani a kan takarda alhali idanunsa suna saite da wani wuri dabam.

Hanya ta farko ita ce kallon miƙe. Hoton hagu yana hagu, na dama yana dama. A riƙe su kamar nisan karatu, a saki idanu kamar ana hangen wani abu can bayan takardar. Hotunan za su rabu huɗu, sannan biyu na tsakiya su matso su hau kan juna, a ga uku. Na tsakiyar shi ne mai zurfin. A daure kada a ƙura masa ido da gaggawa. A ba shi 'yan daƙiƙoƙi zai washe da kansa. Tsayar da ɗan kwali daga hanci zuwa tsakanin hotunan yana taimaka wa mai koyo ƙwarai. Sharaɗin wannan hanya shi ne kada faɗin kowane hoto ya wuce santimita 6 ko kusa da haka, domin idanu ba sa iya buɗewa waje. Fuskar waya idan aka kwantar da ita ta dace da wannan.

Hanya ta biyu ita ce kallon giciye. A nan ana musanya su, hoton dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. A tsayar da biro a tsakiyar tazarar da ke tsakanin fuska da hotunan, a dubi bakinsa, ana matso da shi ana nesanta shi har hotunan da ke baya su zama uku, sannan a janye biron a hankali. Wannan hanya ba ta damu da girman hoto ba, saboda haka tana yiwuwa da manyan hotunan da aka manna a allo. Sai dai tana gajiyar da ido, kuma bai kamata a matsa wa ƙananan yara su yi ta ba.

Idan aka kalli tagwayen da aka jera domin miƙe ta hanyar giciye, zurfin yakan juye. Tukunya ta zama rami, hanci ya lotsa cikin fuska, bangon da ke baya ya taho gaba. Mutane da yawa da suke cewa abin bai yi musu ba, wannan ne ya same su ba su sani ba.

Akwai kuma hanyar launi, wadda Wilhelm Rollmann na Jamus ya bayyana a 1853. Ana ɗora hotunan biyu a kan juna, ɗaya da ja ɗaya da shuɗi mai ratsin kore, a kalla da tabarau mai ja a idon hagu da shuɗin a idon dama. Kowane gilashi yakan tare hoton da ba na idonsa ba. Launin hoto yakan lalace, amma ita ta fi sauƙi ga aji, domin ba ta bukatar koyo.

Game da tura hotunan ga wasu, a haɗa su su zama hoto guda kafin a tura, a kuma rubuta hagu da dama a ƙarƙashinsu domin mai karɓa ya san hanyar da zai bi. Manhajojin aika saƙo sukan matse hoto domin rage nauyinsa, matsewar kuwa takan share ƙananan bambance-bambancen da zurfi ya dogara a kansu, musamman a hoton ja da shuɗi. Gara a tura shi a matsayin fayil. A kuma sani cewa hoton waya yakan ɗauki bayanin rana da wurin da aka ɗauke shi. Hoton da fuskar ɗalibi ta fito a ciki ba ya fita daga makaranta sai da yardar iyaye da shugaban makaranta. Turmi da rumbu da bishiyar kuka sun wadatar, kuma sun fi yara iya tsayawa cik.

Yaron da bai gani ba

A duk lokacin da aka yi wannan gwaji a aji, za a ji ihun murna daga nan da can, sannan a sami wasu da suka yi shiru. Yawancinsu dabarar ce ba su kama ba tukuna. Amma a cikinsu ana iya samun wanda ko da maleƙi ko da tabarau ba zai ga komai ba, domin ƙwaƙwalwarsa da ido ɗaya take aiki.

Hakan yakan faru ne tun ƙuruciya. Idan ido ɗaya ya karkace, ko ya fi ɗayan rauni sosai, ko yana ta rufe shi, hotunan biyu sukan ƙi daidaituwa. Maimakon yaro ya yi ta ganin abu biyu-biyu, sai ƙwaƙwalwa ta yi watsi da saƙon ido ɗaya. Idan aka daɗe a haka, wannan ido yakan dusashe ko da a zahiri babu abin da ya same shi. Likitoci suna kiran wannan ambiliyofiya, kuma takan sami yara biyu zuwa uku a cikin ɗari. David Hubel da Torsten Wiesel ne suka gano yadda abin yake a shekarun 1960. Sun rufe wa 'ya'yan kyanwa ido ɗaya na 'yan watanni, da aka buɗe sai aka tarar idon lafiyarsa ƙalau amma ƙwaƙwalwa ta daina amsa masa. Da suka yi wa manyan kyanwoyi haka, babu abin da ya same su. Wannan aiki ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1981, ya kuma nuna cewa akwai wani lokaci na ƙuruciya da ƙwaƙwalwa take koyon gani.

Nan ne batun ya shafi malamin firamare kai tsaye. Magani ya fi ci idan an fara shi kafin yaro ya kai shekara bakwai ko takwas, wato daidai shekarun da yake zaune a gaban malamin aji ɗaya da aji biyu. Maganin kuwa sau da yawa bai wuce tabarau da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a kullum ba, domin a tilasta wa ƙwaƙwalwa komawa ga wanda ta bari. Wani lokaci kuma akan yi aikin daidaita idon. Ba a cewa ƙofa ta rufe ruf ga babba. Susan Barry, farfesar ilimin ƙwaƙwalwa a Amurka, wadda ta tashi da karkataccen ido, ta fara ganin zurfi tana da shekara 48 bayan doguwar horaswa, ta kuma ba da labarin a littafin da ta wallafa a 2009. Amma irin nata ba shi da yawa, bai kuwa kamata a jingina makomar yaro da shi ba.

Malami ba likita ba ne, tagwayen hotuna kuma ba awon asibiti ba ne. Abin da zai iya yi shi ne ya lura. Yaron da yake karkatar da kai idan zai dubi allo, ko yake runtse ido ɗaya a rana, ko yake yawan kuskure wajen cafe abin da aka jefo masa, sai a sa shi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta abin da ke allo, sannan ya sauya. Idan bambancin a fili yake, sai a kira iyaye a keɓe a shawarce su su kai shi wurin likitan ido, a asibitin da ke kusa ko manyan cibiyoyi irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Idan kuwa an ga fari-fari a tsakiyar baƙin idon yaro, wannan ba ya jiran ƙarshen zango.

Hausa tana da kalmar harara-garke, harɗaɗɗen suna da aka gina daga aikatau da suna, kamar dafa-duka. A darasin ginin kalma misali ce mai kyau. A bakin yara kuwa zolaya ce, kuma yaron da ake kira da ita yakan koma ƙarshen aji ya sunkuyar da kai, inda malami ba zai ƙara ganin idonsa ba balle ya lura da shi. Saboda haka idan za a yi gwajin a aji, a sanar tun farko cewa ba kowa ne yake gani a ranar farko ba, kuma kada a sa waɗanda ba su gani ba su ɗaga hannu.

Jinga

Ɗalibai su rabu uku-uku. Kowane rukuni ya ɗauki tagwayen hoton wani abu mara motsi a harabar kwaleji sau uku: da gusawar santimita 3, da 7, da 30, ba tare da sauya nisa ba. A jera su domin kallon miƙe, a rubuta abin da aka lura da shi a kowanne cikin shafi guda, ba tare da kalmar Ingilishi ko ɗaya ba.

1. An yi amfani da tagwayen hotuna, da saɓanin gani, da maleƙi, da kallon miƙe, da kallon giciye a wannan darasi. A bayyana hanyar da aka bi wajen samar da kowace, a kuma kawo madadin wadda ake ganin ba ta zauna daidai ba.

2. A rubuta yadda za a bayyana wa 'yan aji huɗu gwajin babban yatsa cikin jimloli goma.

3. A tsara abin da malami zai faɗa wa mahaifin yaron da aka lura idonsa ɗaya ba ya karanta allo, ta yadda uban ba zai tsorata ba, ba zai kuma yi sakaci ba.